'Yan Kwana-Kwana: Masu Rugawa Inda Kowa Ke Gudowa

Duk shekara da zarar an gama girbi, hunturu ya sauko, mu mutanen yammacin Jihar Kano mukan shiga wani lokaci mai daɗi amma mai haɗari. Rumbuna sun cika, an jibge kara da harawa a bayan gida, iska ta bushe komai ƙayau, ga sanyi yana sa tsofaffi su kwana da garwashi a ɗaka. A irin wannan lokaci tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye wahalar damina guda. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna da masu karatu a kan wasu bayin Allah da ba mu cika tunawa da su ba sai ranar da kururuwa ta tashi, wato 'yan kwana-kwana da ma'aikatan agajin gaggawa.

Bari mu fara da gida. Ƙasar Karaye da ta Rogo ƙasar noma ce, ta dawa da masara da rake, tana maƙwabtaka da jihohin Katsina da Kaduna. Kuma ƙasar ruwa ce. A Ƙaramar Hukumar Karaye ne aka gina madatsar ruwa ta Chalawa, wadda aka gama a 1992, tazarar kamar kilomita 90 daga birnin Kano, ga kuma madatsar Kusalla a gefen garin Karaye. Ruwan nan albarka ne ga masunta da masu noman rani. Amma inda ruwa mai zurfi yake, akwai kwalekwale, akwai yara masu wanka, akwai kuma ranar baƙin ciki. Idan muka haɗa da rijiyoyi da kududdufai da ke ko'ina, da manyan motoci masu bin hanyoyinmu ranar kasuwa, za mu ga cewa aikin ceto ya shafe mu kamar yadda ya shafi mutanen birni, ko ma fiye.

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka aikin 'yan kwana-kwana shi ne fesa ruwa kawai. Ba haka ba ne. Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano ita ake kira idan yaro ya faɗa rijiya, ko gini ya rufta, ko mota ta danne mutane, ko wani ya nutse a kududdufi. Sau da yawa ma ba su tarar da mutumin da rai. Duk da haka sai sun ɗaura igiya sun sauka, sun fito da gawa, domin uwa ta ga ɗanta, dangi su yi masa sutura yadda ya kamata. Wannan aiki ba ya shiga hoto, ba a kuma yi masa tafi, amma wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya yana jiran a fito masa da nasa ya san darajarsa.

Ba mu manta da abin da ya faru a Bagwai ba. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani kwalekwale da ya taso daga ƙauyen Badau ya kife a ruwan Watari. An cika shi ya wuce kima, kuma yawancin fasinjojin yara ne 'yan makarantar Islamiyya. Aƙalla mutum 29 suka rasu. Ma'aikatan hukumar kashe gobara da masuntan yankin ne suka yi ta lalube cikin ruwa har aka fito da waɗanda aka samu. A bakin ruwan nan babu wanda ya tambayi mai ceto ƙabilarsa ko inda yake sujada, shi ma bai tambayi ɗan wa zai ɗauko ba. Bagwai ba nisa take da mu ba, kuma abin da ya faru a Watari zai iya faruwa a Chalawa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, ina sakayyar da muke yi wa waɗannan mutane? A nan ne ya kamata mu ji kunya kaɗan. Abin da aka saba ji a wurin gobara shi ne, “Sai da komai ya ƙone suka zo,” ko kuwa, “Sun zo ba ruwa.” Akan kai ga zagi, wani lokaci har da jifa. Ba mu ce babu sakaci a ko'ina ba, gama su ma 'yan Adam ne. Amma kafin mu ɗauki dutse, mu yi lissafi. Ɗakin ciyawa ko rumbu yakan ƙone ƙurmus cikin 'yan mintoci. Mota mai nauyin ruwa kuwa ba ta gudu irin na tasi, balle a hanyar ƙauye mai yashi da kwazazzabo. Idan wutar ta fi ƙarfin na kusa, har sai an nemo taimako daga Kano, to ana maganar tafiyar fiye da awa guda ke nan. Bugu da ƙari, ruwan da ke cikin tankin mota ba ya daɗewa idan an buɗe mesa sosai, kuma in ya ƙare dole a koma a ɗebo, tun da garuruwanmu ba su da famfunan gobara a bakin titi. Sau nawa kuma mu da kanmu muke ɓata rabin awa muna fama da bokiti kafin wani ya tuna ya kira su?

Ko a cikin birni matsalar tana nan. A watan Maris na 2016 gobara ta tashi da dare a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ta cinye dubban shaguna. Duk wanda ya san manyan kasuwanninmu ya san yadda tebura da rumfuna suke toshe hanyoyin da aka bari domin mota. Ma'aikaci yana iya zuwa da zuciya da ƙarfi, amma ba zai ɗauki motar a ka ya tsallake rumfuna da ita ba.

Wannan aiki yana da tarihi a ƙasarmu. Tun 1901 aka kafa rundunar kashe gobara a Ikko a ƙarƙashin 'yan sanda, sai a 1963 aka yi mata dokarta ta musamman. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda ma'aikatanta suke ɗauko waɗanda suka ji rauni a kan hanya. A duniya kuwa, ƙungiyar Red Cross ta samo asali ne daga tausayin mutum ɗaya, Henry Dunant, ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya ga dubban sojoji kwance da raunuka ba mai kula da su bayan yaƙin Solferino a 1859, ya tara matan ƙauye suka yi jinyarsu ba tare da bambanta ɓangare ba. Saboda haka wanda ya sa kakin nan yana da abin alfahari. Ya gaji sana'a ce ta mutunci, ko da albashinta bai taka kara ya karya ba.

Amma a ƙauyukanmu, kafin jiniya ta iso, mai ceto na farko maƙwabci ne. Shi ya sa sani ya zama tilas, gama tausayi marar sani yakan ƙara yawan gawa. Mu ɗauki rijiya. Tsohuwar rijiya mai zurfi takan rasa iskar numfashi a ƙasanta, musamman in an kunna injin ban ruwa a ciki ko kusa da bakinta, domin hayaƙinsa guba ne. Mutum ya sauka ya suma, ɗan'uwansa ya bi shi ya suma, na uku ma haka. Kada kowa ya sauka ba igiya a ƙugunsa da ƙarfafan mutane riƙe da ita a sama, kuma a fara kiran ma'aikata tukuna. Wanda aka tsamo daga ruwa ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen matse masa ciki. A kwantar da shi, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa, dannawa 30 hurawa 2, domin ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 in babu numfashi.

Wanda ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi har minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a kai shi asibiti. Kada a shafa ɗanyen ƙwai ko man goge baki ko baƙin mai. Wutar fetur ko ta man suya ba a zuba mata ruwa, sai yashi ko murfi. Wanda ya yi haɗarin mota yana kukan wuya ko baya, kada a fizgo shi a naɗe shi cikin but, gama ana iya gurgunta shi har abada. Kuma mu sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Sai batun tankar mai. A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tanka ta faɗi a garin Majiya ta Jihar Jigawa, jama'a suka taru ɗibar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka mutu. Mun san talauci ne ya kai da yawansu wurin. Amma babu jarkar man da ta kai ran mutum. Iyaye, mu ja wa 'ya'yanmu kunne tun yau: in tanka ta faɗi, a yi nesa.

Me za mu iya yi a matsayinmu na jama'a? Shawararmu ga dattawan ikilisiyoyi da masu unguwanni ita ce a gayyaci 'yan kwana-kwana ko 'yan Red Cross su koya wa matasa da Zumuntar Mata taimakon farko, ko da na yini ɗaya ne, kafin bukukuwan ƙarshen shekara. A ajiye bokitin yashi kusa da janareta, a raba fetur da ɗakin taro, kada kuma a kulle ƙofofi da kwaɗo alhali mutane suna ciki. A rubuta lambar gaggawa ta ƙasa, 112, da ta masu kiyaye haɗurra, 122, da ta ofishin kashe gobara mafi kusa, a manna a bango. Shugabannin ƙananan hukumomin Karaye da Rogo da masarautar Karaye kuma muna roƙonsu su sa ido a kan rigunan ruwa ga masu kwalekwale, da mai da ruwa da gyara ga motocin ceto.

Daga ƙarshe, in mun ji jiniya a hanya mu kauce, in sun iso mu ba su wuri, mu nuna musu inda ruwa yake. Bayan ƙura ta lafa, mu je har ofishinsu mu ce musu sannu da aiki, mu tambayi lafiyar iyalinsu. Yabon gwani ya zama dole, kuma ba sai ranar da wuta ta kama namu rumbun ba.