Sule 72: Baffour Akoto, Farashin Koko da Sarkin Zangon Kumasi

Yau sule 72 za mu bi, domin a kansu aka kusa raba ƙasar nan ta Ghana.

A 1954 gwamnatin Kwame Nkrumah ta tsayar da farashin da za a biya manomi kan kowane lodin koko a sule 72, alhali a kasuwar duniya koko na tsada ƙwarai. Sule 72, jama'a, ga mutumin da ya share daji, ya jira itace shekaru kafin ya ga 'ya'ya. Ran manoman Asante ya ɓaci, wanda kuma ya tsaya musu shi ne Baffour Osei Akoto, mai magana da yawun Sarkin Asante, Prempeh na Biyu, shi kansa babban manomin koko. Ranar 19 ga Satumba 1954 aka taru a bakin rafin Subin, nan cikin Kumasi, aka yanka tunkiya, aka kafa jam'iyyar NLM. Tutarta ma itacen koko ne da beguwa.

To ina ruwan Zango? Ruwanta kuwa da yawa. 'Yan arewa ne ke ƙwadago a gonakin, kuma in aljihun manomi ya bushe, mahauci da ɗan koli sun ji a jikinsu. Jam'iyyar Musulmi ta MAP ta haɗa kai da Akoto, Sarkin Zango Alhaji Amadu Baba yana gaba.

Nan ne abin ke taɓa mini zuciya. A 1957, watanni kaɗan bayan samun 'yanci, gwamnati ta ba da umarnin korar Amadu Baba da Alhaji Usman Lalemie zuwa Najeriya. Suka garzaya kotu, suka ce su haifaffun nan ne. Tun kafin alƙali ya yanke hukunci, majalisa ta zartar da doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu. Doka guda, masu sauraro, saboda mutum biyu! Aka fitar da su, shari'a ta mutu a tsaye.

Lokaci na kore mu. Shi ma Akoto an tsare shi a 1959 ba tare da gurfanarwa ba, Kotun Ƙoli ta ƙi sakinsa a 1961. Ya rasu a 2002. Ɗansa, Owusu Afriyie Akoto, ya riƙe ma'aikatar noma daga 2017 zuwa 2023.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.