Karatun Asuba a Bayan Badala

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano, ko a Madabo, ko a Yakasai, ko a gindin Dala, ya san gari ba ya wayewa sai da karatu. Ana idar da sallar asuba wani zai buɗe Alƙur'ani ya kawo izunsa, wani ya ja carbi yana wuridi, yara kuma su ɗauki allo. Abin da yawancin mazauna birni ba su lura da shi ba shi ne, a daidai wannan lokaci, da an fita Ƙofar Mata an nufi Sabon Gari, akwai gidajen da magidanci ke tara iyalinsa ya buɗe Littafi Mai Tsarki, a karanta sura guda, a yi shiru ana juya ta a zuci, sannan a rufe da addu'a. Wannan juyawa a zuci ita Kiristocin Hausa ke kira bimbini. A ganina, wannan al'ada ta cancanci maƙwabci ya fahimce ta, domin horo ce da ke koya wa mutum ya dogara ga Allah a garin da ya sha ganin tashin hankali, ba tare da zuciyarsa ta ƙeƙashe ba.

Za a ce ai littafin baƙo ne, Turawa suka kawo shi. Gaskiya ne birni bai karɓi masu kawo shi ba. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller suka shigo Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki, suka koma ƙasar Zazzau. Ko bayan zuwan Turawan mulki a 1903, majami'u a Sabon Gari da sauran unguwannin waje suka tsaya, ba su tsallaka ganuwa ba. Amma harshen birni ya tsallaka zuwa gare su. Tun a ƙarni na 19 wani ɗan mishan mai suna Schön ya fara fassara littafin da taimakon Dorugu, wani yaro Bahaushe da ya yi tafiya tare da Baturen nan matafiyi Barth, kuma a 1932 aka buga cikakken littafin da Hausa, aikin da Miller ya daɗe a kansa. Mai karatun yau yana cewa Allah, annabi, mala'ika, sura, aya, Zabura, tuba, gafara, alheri. Kalmomin zauren malamai ne, waɗanda Hausa ta riga ta saba da su. Masihiyawa, wato Hausawa Kirista da ke ƙauyukan Rano da Sumaila da Tudun Wada, ba su da wani harshen ibada da ya wuce wannan. Bambancin aƙida tsakaninsu da Musulmi yana nan, babba ne, kuma ba mai ɓoye shi. Sai dai tashi da duku-duku don karanta littafi abu ne da Bakano ya fi kowa sanin darajarsa.

Tsarin karatun ba shi da wuya. Littafin yana da surori 1,189, wanda ya lizimci uku ko huɗu kullum zai sauke shi a shekara. Wasu kan ɗauki Karin Magana, mai surori 31, su bi kwanakin wata, wasu su riƙe Zabura 150. Ikkilisiyar ECWA tana buga ɗan littafin jagora mai suna Abincin Yini, sunan da ya bayyana manufar: kamar tuwo, na jiya ba ya ƙosar da yau.

Akwai kuma masu cewa irin wannan dogaro ga Allah yana kashe zuciya, mutum ya naɗe hannu yana jiran ceto daga sama. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, ba zan musa ba. Akwai wanda ke buɗe Zabura ta 91 ya tura ƙarƙashin matashi kamar laya, akwai kuma masu wa'azin da ke sayar da alkawarin arzikin dare ɗaya. Amma wannan gujewa karatu ne, domin bimbini yana bukatar mutum ya tambayi kansa me aya ke nema daga gare shi yau, a kasuwa ko a ofis. Kwaɗayin karanta littafin da idonsu ne ya kai mata da yawa na Zumuntar Mata ta ikkilisiya azuzuwan yaƙi da jahilci. Asibitin ido da mishan ɗin SIM ya buɗe a Kano a 1943, wanda ECWA ke riƙe da shi har yau, mutanen da ke fara yini da karatu da addu'a ne suka kafa shi, kuma hakan bai hana su ɗaukar wuƙar tiyata su cire yanar ido ga dubban mutanen birni da ƙauye ba. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, sun san haka.

Tambaya mafi nauyi ita ce: ina ceton yake ranar da ake bukatarsa? Kano ta ga rikicin addini na Oktoba 1991, ta ga na 2004. Ranar Lahadi 29 ga Afrilu 2012, 'yan bindiga suka auka wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, dab da badala, suka kashe ɗalibai da malamai. Babu shakka a cikinsu akwai waɗanda suka yi karatunsu da safiyar ranar. Wanda ya ɗauki karatu a matsayin sulke, a nan imaninsa zai rushe. Amma littafin bai taɓa yi wa mai karanta shi wannan alkawari ba, kuma mai binsa kullum, sura bayan sura, ba zai iya tsallake wuraren masu ɗaci ba. Zai gamu da Ayuba, adali da ya rasa 'ya'ya da dukiya da lafiya. Zai gamu da samarin nan uku na littafin Daniyel, waɗanda suka amince Allah na da ikon fid da su daga wuta, suka kuma ƙudura ba za su rusuna wa gunki ba ko da bai fid da su ba. Zai gamu da umarnin yin addu'a domin maƙiyi, wanda ya fi kowane umarni wuyar haɗiya ga mai makoki. Ceton da ake koyo a nan ya haɗa da kuɓuta daga tsoro da ƙishin ramuwa, kuma gari irin Kano yana da riba a duk zuciyar da aka raba da waɗannan biyun. Mutanen birni sun san wannan jarrabawa da kansu, tun ranar Juma'ar 28 ga Nuwamba 2014 da bom ya tashi a Babban Masallaci, kusa da Gidan Rumfa, suka binne mamatansu, suka kuma dawo sahu.

Don haka, ya mai karatu, idan abokin cinikinka a Kantin Kwari ko ma'aikaciyar jinyar da ke duba mahaifiyarka ta ce maka ta yi karatun safe kafin ta fito, ka tambaye ta wace sura ta karanta, ka saurari amsar.