Uwargida, Ki Tanadi Toka Domin Sanyin Hunturu

Kowace shekara, daga watan Disamba zuwa Janairu, mata da yawa masu ɗan lambu a bayan ɗaki sukan yi kukan cewa yabanyar tumatir da tattasai da suka yafa ta tsaya cak, ta ƙi girma. Wata ta ce iri ne ba shi da kyau, wata ta ce baki ne. Alhali kuwa sau da yawa sanyi ne, da yunwa.

Tumatir da tattasai da attarugu 'yan zafi ne, ba kamar kabeji da latas ba. In sanyin dare ya sauko wajen digiri 10, girmansu yakan tsaya. A Kano da Zariya sanyin asuba yakan kusanci haka, balle a Jos. Ƙasa in ta yi sanyi, saiwa ba ta iya jan abinci sosai, musamman sinadarin fosfaras, wanda ke gina saiwa. Alamarsa ita ce ki ga bayan ganyen ya rine ya koma shunayya.

To, ina magani? Yana murhunki. Tokar itace ko ta kara, wadda muke tace ruwanta domin tuwo, tana ɗauke da fotasiyam da kalsiyam. Fotasiyam yana taimakon shuka ta riƙe ruwan jikinta, kalsiyam kuma yana ƙarfafa jikin. Ki tankaɗe toka, ki barbaɗa cikin hannu ɗaya a fangali mai faɗin taki ɗaya, ki cuɗa da ƙasa da ruɓaɓɓen takin gida tun kafin ki yafa iri. Kada ki zarce haka, toka in ta yi yawa ɓata ƙasa take yi. In maigida yana da takin supa, ki roƙi kaɗan ki haɗa, shi ne mai fosfaras.

Bayan tsiro ya yi ganye huɗu, ki jiƙa takin kamfa cikin kwalin ashana ɗaya a bokitin ruwa, ki zuba a gindi, ban da kan ganye. Amma ki yi hattara da yuriya a wannan lokaci. Takan sa ganye ya yi kore shar, amma da laushi, sai sanyi ya kwantar da shi. Kada kuma ki gauraya ta da toka, ƙarfinta zai bi iska.

Ban-ruwa da hantsi ya fi, domin kada saiwa ta kwana cikin ruwan sanyi. Da magariba ki rufe fangalin da zana ko busasshiyar ciyawa, gari ya waye ki buɗe.

Ku kuma 'yanmata 'yan makaranta, ku raba fangali biyu, ɗaya da toka ɗaya babu, ku riƙa auna tsawon tsiron kowane mako kuna rubutawa. Gani ya kori ji.

Allah ya ba mu sa'a, amin.