Shin Ko Kun San? Ƙudan Zuma Ma Suna Shiga Yunwa

• Shin ko kun san cewa damina ba lokacin wadata ba ce ga ƙudan zuma? Markar watan Agusta tana wanke ruwan zaƙin fure, tana kuma tsare su a amya kwana da kwanaki. Idan babu ajiya, sai yunwa.

• Ko kun san abincinsu kala biyu ne? Ruwan fure shi ke ba su ƙarfin tashi, garin fure kuma da shi ake rainon 'ya'ya. Shi ya sa in fure ya yi wuya za ka gan su sun yi dafifi a bakin injin niƙa ko kan shanyar garin rogo: madadin garin fure suke nema.

• Shin ko kun san sarauniyar ƙudan zuma tana iya saka ƙwai 1,500 ko fiye a rana idan abinci ya wadata? Da zarar ya janye sai ta rage. In abin ya yi tsanani, ma'aikata sukan cinye wasu ƙwayayen, su kuma kori maza waje, domin namiji ba ya fita kiwo.

• Ko kun san ƙudan zumar Afirka ba sa jiran mutuwa a gida? Yunwa na matsa musu, sai su yi ƙaura gaba ɗaya, mai kiwo ya wayi gari da amya fayau.

• Shin ko kun san ruwan sukari yana ceton amya? Mudu ɗaya na farin sukari a mudu ɗaya na ruwa yana sa sarauniya ta ci gaba da ƙwai. Mudu biyu a ɗaya kuwa na ajiya ne. A guji mazarƙwaila, tana ɓata musu ciki. A guji zumar kasuwa, tana iya ɗauko cuta daga wata amyar.

• Ko kun san ƙudan zuma suna yi wa juna fashi? Masu ƙarfi sukan afka wa raunana su kwashe ajiyarsu. Don haka a ba da abinci da yamma, a cikin amya, a kuma rage faɗin ƙofa yadda masu gadi za su iya tsare ta.

• Shin ko kun san ɗakin raino yana bukatar zafi kimanin digiri 35? Da ruwa suke sanyaya shi in bazara ta yi zafi. A ajiye musu kaskon ruwa a inuwa, a zuba tsakuwa ko karare a ciki don kada su nutse.

• Ko kun san gawo babban gatan mai zuma ne? Yana fure bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da ciyawa ta fara bushewa. Kaɗanya, ɗorawa da mangwaro kuma su karɓa a rani. Wanda ya sare su ya yi gawayi, abincin amyarsa ya ƙone.

• Shin ko kun san ma'aikaciya ɗaya ba ta haɗa ko rabin cokalin shayi na zuma a duk rayuwarta? Jama'a, a ji tausayin wannan wahala. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ranar ɗiba, a bar duk saƙar da ke da 'ya'ya, a kuma bar musu zumar da za ta kai su furen gaba.