Yadda tsadar abinci a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta haifar da yajin aikin 1945

Duk da cewa ba a gwabza Yaƙin Duniya na Biyu a cikin Nijeriya ba, talakawanta sun ɗanɗana kuɗarsa a kasuwa da kuma cikin gida. Daga 1939 jiragen ruwan da ke kawo kaya suka ragu, gishiri da kananzir da yadi suka yi wuya. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Birtaniya ta ƙara matsa wa Nijeriya lamba kan gyaɗa da manja da kuza, har aka riƙa kwasar manoma zuwa aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos. Hannun da ke noma ya ragu, bakin da ke ci a birane ya ƙaru, farashin abinci ya tashi.

Gwamnatin mulkin mallaka ta nemi maganin abin ta hanyar ƙayyade farashi. A 1941 ta fara wani tsari a Legas ƙarƙashin Kyaftin Pullen, wanda ya yanke kuɗin da za a sayar da garin rogo da wasu kayan masarufi. Matan kasuwa, bisa jagorancin Alimotu Pelewura, suka yi tsayin daka, domin farashin bai yi la'akari da kuɗin saro da na dako ba. Kaya suka ɓace daga rumfuna suka koma kasuwar bayan fage, inda suka fi tsada.

Ma'aikata kuwa albashinsu bai motsa yadda kasuwa ta motsa ba. A 1942, zamanin Gwamna Bourdillon, an ba su alawus na tsadar rayuwa, amma ba da jimawa ba tsada ta cinye shi. A 1945 ƙungiyoyin ƙwadago suka nemi ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan alawus ɗin, da mafi ƙarancin ladan sule biyu da sisi a yini. Gwamnatin Arthur Richards ta ƙi, tana mai cewa ƙarin kuɗi zai ƙara hura wutar tsada.

A ranar 22 ga Yuni, 1945, ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya da na tashar ruwa suka ajiye aiki. Michael Imoudu, shugaban ma'aikatan jirgin ƙasa da aka sako daga tsare makonni kaɗan kafin nan, shi ne ya zama jigon gwagwarmayar. Yajin ya bi layin dogo har ya kai Arewa, ya ɗauki kwana 44 a Legas. 'Yan kasuwa sun tallafa wa masu yajin da kuɗi da abinci, ita kuwa gwamnati ta dakatar da jaridun West African Pilot da Daily Comet saboda goyon bayan da suka nuna.

Daga baya kwamitin Tudor Davies ya binciki koken, ya tabbatar da cewa rayuwa ta yi tsada, aka kuma ƙara alawus ɗin a 1946. Tarihin ya nuna cewa ƙayyade farashi ba tare da wadatar kaya ba yana korar kaya ne daga kasuwa, kuma idan albashi ya kasa sayen abinci, ɗan kasuwa da ma'aikaci sukan tsinci kansu a sahu ɗaya.