Kafin Ka Zuba Tarwada, Tambayi Magini ta Ina Ruwa Zai Fita

Mu a Danja ruwa ba baƙonmu ba ne. Yaron da ya tashi a nan ya san yadda ake kora shi a lambun tumatir, ya san ƙishirwar rake a fadama. Wannan sanin ne ya rufe mini ido ranar da na ce zan yi kiwon tarwada a bayan gida. Na ɗauka duk wanda ya iya ban-ruwa ya iya tsare ruwa wuri ɗaya.

Na kira birkilan da ya gina mini shago, mutum mai hannu, wanda ban taɓa kama shi da ha'inci ba. Na nuna masa fili, na ce kwamin kifi nake so. Ya dubi wurin ya yi murmushi. "Alhaji, ai wannan ɗaki ne ba rufi." Cikin kwana shida ya gama: bulo mai inci shida, yaɓe sumul, daɓe a miƙe kamar faranti. Ranar da muka cika shi har maƙwabta sun leƙo. Kwana uku bayan nan ruwa ya sauka da kusan taƙi guda, bangon gabas yana ta gumi. Da na tashi sauya ruwa kuwa, sai na ga babu ta inda zai bi. Ni da yara muka yi ta kwarfa da bokiti tun hantsi har la'asar.

Rabin laifin nawa ne, don ban san nauyin abin da na ɗora masa ba. Ruwan da ya cika mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi lita 1,000 ne, nauyinsa tan guda. Kwami mai mita 3 da mita 4, zurfin mita 1, tan 12 ke nan zaune a ciki, yana tura bango dare da rana. Bangon ɗaki kwano kawai yake ɗauka.

A karo na biyu ban yi cigiya a majalisa ba. Na hau mota zuwa Funtuwa wurin wani mai kiwon kifi da kwaminsa ya ga damina uku, na tambayi wanda ya gina masa. Shawarar da nake ba kowa ke nan: nemi aikin kafin ka nemi mai aikin, ko a Funtuwa ne, ko Malumfashi, ko Zariya. Je da sassafe ka shafa bangon ta waje. Idan da danshi, yi sallama ka wuce. Maginin da na samo bai ko fito da igiyar awo ba sai da ya leƙa rijiyata. "Maigida, wannan tana kai watan huɗu da ruwa?" Daga nan ya zagaya yana neman inda ƙasa ta fi gangara. Nan take na san na zo gidan.

Ya yi amfani da bulo mai inci tara, ya cika cikinsa da kankare, ya sa rodi a kusurwoyi, ya zuba garin hana yoyo a cikin yaɓe. Daɓen ya karkata shi zuwa lungu ɗaya, inda ya binne bututu mai inci huɗu da gwiwa a waje: ka kwantar da shi, ruwa ya fice da dattin ƙasa; ka miƙar da shi, ruwa ya tsaya. Mun yi da shi cewa cikon kuɗinsa sai kwami ya riƙe ruwa mako guda, bai ko yi gardama ba. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi ya san abin da ya gina.

Sabon siminti kuma guba ne ga kifi, yana sakin kaifi irin na toka a cikin ruwa. Mun cika kwamin, muka jefa gungumen ayaba, muka bar shi mako biyu, muka wanke, muka sake cikawa. Sai da 'ya'yan kifi goma suka kwana uku lafiya kana na zuba sauran. Mai zaman haya ya hutar da kansa duk wannan, ya sayi kwamin tamfol.

Tarwada tana da wata halitta a bayan kai da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take jure cunkoson da karfasa ba za ta jure ba. Ba banza ba Najeriya ta zarce kowace ƙasa a Afirka wajen kiwonta, har akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta tarayya a New Bussa, Jihar Neja. Amma juriyar nan tana yaudarar mutane. Ruwa na wari, kifi na rataye a sama a tsaye, mai shi yana cewa ai tarwada ce. Ni da na ji wari nake kwantar da bututu, in rage rabi, in ƙara sabo. Kuma tarwada ba ta san ɗan'uwa ba: a watanni biyu na farko, duk mako biyu nake tsame waɗanda suka yi wa sa'o'insu zarra, in ba haka ba dubu sai ta koma ɗari bakwai ba ka ga gawa ko ɗaya ba.

Abinci shi ke cin kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwo. Ko Coppens ka saya ko Blue Crown, ƙwayar ta dace da bakin kifin, daga milimita 2 har zuwa 6, kuma da sun rage wawaso ka ɗauke hannu, don ragowar ita ke ruɓar da ruwa. Da kulawa, wata biyar zuwa shida wasu kan kai kilo. Hunturu ne ke ja mana baya. Tarwada ta fi son ɗumin digiri 26 zuwa 30, a Disamba da Janairu kuwa ruwan safe kamar ƙanƙara. Lokacin nakan rufe kwami da leda da dare, ba na ba su abinci sai rana ta ɗaga.

Akwai haɗarin da ya fi shafar mu manoma. Kowane gida a nan da injin feshi na goyo da jarkar maganin ƙwari. Bokitin da ya taɓa haɗa maganin tumatir kada ya kusanci kwami, ko an wanke shi sau bakwai. Na sa wa bokitan kifi jan fenti, na kuma rufe saman da raga mai ƙarfi saboda tsuntsaye da ƙananan yara.

Ruwan da ke fita ban bar shi ya bi lungu ya haɗa ni da maƙwabta ba. Uwargida ta ja shi zuwa fangalin alayyafo da yakuwa, ba ta ƙara neman taki ba. Kwamin farko kuwa yana nan. Na kira birkilana ya fasa masa ƙofa, kafinta ya ɗora kwano. Buhunan masara nake ajiyewa a ciki, kuma ko ɗigo bai taɓa shiga ba.