Oba-oba na ɗaukewa? Ba kullum ne laifin amfilifaya ba

Mutanen Rawayya a ƙaramar hukumar Bunguɗu ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara. Rediyon oba-oba ba ya buƙatar turken sabis, amma yana da nasa ciwon kan, wato wuta.

Rediyo mai watt 100 yana aiki ne da volt 13.8. Idan sauraro yake, amfiya ɗaya zuwa biyu ta ishe shi, amma da an danna maɓallin magana sai ya zuƙi kusan amfiya 20. Shi ya sa za a ji murya garau daga Gusau ko Tsafe, amma da an zo ba da amsa sai ya ɗauke. Nan take akan ɗora wa amfilifaya laifi, alhali sau da yawa siririyar waya ce, ko tsatsa a kan batir.

Masu gyara kan cire amfilifayar tukuna, su auna wutar a bayan rediyon, ba a jikin batir ba, maɓallin kuma yana danne. In ta faɗi ƙasa da volt 12, a sake waya mai kauri, gajera, amfilifayar kuma a ware mata batirinta.